Fasfon Amurka, albashin Abuja: nazarin harajin da ya biyo mutum har gida

Mutumin da za a bi lamarinsa a nan Bakano ne, injiniyan kwamfuta, wanda ya yi shekara 14 a Amurka, ya sami takardar zama ɗan ƙasa, sannan ya tattara ya dawo gida a farkon 2020. Misali ne aka gina a kan yanayin da ya zama ruwan dare tsakanin masu fasfo biyu, don haka alƙaluman albashinsa da na asusunsa na misali ne, amma dokoki da iyakokin da za a auna su da su na gaskiya ne. Yana zaune a Abuja, yana aiki da wani kamfani mai zaman kansa, ana cire masa haraji daga albashi kowane wata. A gefe yana yi wa wasu ƙungiyoyin waje aikin ba da shawara, suna biyansa da dala. Yana da kaso a gidan gado a Kano da ake ba da haya, yana da kashi 60 cikin ɗari na wani ƙaramin kamfani da suka yi wa rajista da ƙaninsa, kuma shi ne ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu. Matarsa 'yar Najeriya ce zalla. 'Ya'yansu biyu, babbar an haife ta a Amurka, ƙaramin a Abuja.

Tun da ya dawo bai sake cike takardar harajin Amurka ba. A ganinsa hujjar a fili take: ba ya zaune a can, ba ya samun ko sisi daga can, kuma yana biyan haraji a inda yake. Abin da ya tayar da maganar shi ne wasiƙa daga bankinsa a ƙarshen 2025, ana neman ya sabunta bayanansa, ya amsa ko shi ɗan Amurka ne, in haka ne ya cike fom W-9, takardar da ɗan Amurka ke bayyana lambar harajinsa, ya sa lambarsa ta SSN, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum don haraji da fansho.

Kusan duk ƙasashen duniya suna ɗora haraji ne bisa inda mutum yake zaune. Najeriya ma haka take. Likitan da ya koma Jidda da zama yana aiki a can, Najeriya ba ta bin albashinsa na Jidda, sai dai abin da ya samu daga cikin Najeriya, kamar kuɗin hayar gidansa. Amurka ta sha bamban. Ita tana bin ɗan ƙasa ne, ko ina yake, a kan duk abin da ya samu a duniya. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da haka tun 1924 a shari'ar Cook da Tait, kan wani Ba'amurke mazaunin Meziko da dukiyarsa ke can. Ƙasar da ake yawan haɗa ta da Amurka a wannan ɗabi'a ita ce Eritiriya, mai karɓar kashi 2 cikin ɗari daga 'yan ƙasarta na waje. Dokar ba ta tsaya kan masu fasfo ba. Mai katin zama na dindindin ma tana kansa har sai ya ajiye katin a hukumance da fom I-407, ko da katin ya daɗe da ƙarewa a cikin durowa. Kuma babu yarjejeniyar kauce wa haraji biyu tsakanin Najeriya da Amurka, don haka duk sauƙin da mutumin nan zai samu daga cikin dokar Amurka kanta zai fito.

Wasiƙar bankin kuwa ta samo asali ne daga dokar FATCA ta 2010, wadda ta tilasta wa bankunan waje su gano kwastomominsu 'yan Amurka su kai rahotonsu ga hukumar harajin Amurka, IRS, in ba haka ba a riƙe kashi 30 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ke zuwa musu daga Amurka. Bankin da ke hulɗa da dala ba ya wasa da wannan. Mafi munin abin da mutum zai yi a wannan gaɓa shi ne ya amsa da "a'a". Wanda bai cike takarda ba don rashin sani yana da hanyar gyara mai sauƙi. Wanda ya sa hannu a kan ƙarya ya rufe wa kansa wannan hanya, domin ya bar shaidar ganganci a rubuce.

Tambayar farko ita ce ko wajibi ne ya cike takardar shekara, wato fom 1040. Amsar ba ta da wahala. Duk wanda ya sami ribar dala 400 ko fiye daga aikin kansa a shekara dole ya cike, komai ƙanƙantar sauran kuɗinsa. Mai aure da ke cikewa shi kaɗai ba tare da matarsa ba kuwa, iyakarsa dala 5 ce kacal. Mazaunin waje yana da ƙarin wata biyu kai tsaye, daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Yuni, kuma zai iya neman a kai masa 15 ga Oktoba da fom 4868. Sai dai ƙarin lokacin na takarda ne. Kuɗin ruwa a kan abin da ake bin mutum yana fara hawa ne daga 15 ga Afrilu.

Lissafin shekarar 2024

A ɗauki shekara ɗaya a bi ta dalla-dalla, da canjin naira 1,500 a dala don sauƙin lissafi. Albashinsa naira miliyan 36, wato dala 24,000. Harajin da aka cire masa a shekarar kusan naira miliyan 6, wato dala 4,000. Aikin ba da shawara ya bar masa dala 20,000 bayan cire kuɗin data da tafiye-tafiye da kayan aiki. Kasonsa na haya, bayan gyare-gyare da sauran abin da doka ta yarda a cire, dala 2,000. Jimilla dala 46,000.

Kafin a taɓa lissafi sai an zaɓi matsayin da zai cike takarda da shi, kuma nan ma kuɗi na ɓata. Da yawa suna zaɓar "mai aure mai cikewa shi kaɗai" don suna ganin ba su da wani zaɓi, alhali rangwamen bai-ɗaya, wato adadin da ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a ɗora haraji, na wannan matsayi a 2024 dala 14,600 ne. Ɗan Amurkan da matarsa baƙuwa ce mazauniyar waje, in yana da ɗa a gidansa kuma shi ke ɗaukar fiye da rabin hidimar gidan, doka ta ba shi damar cikewa a matsayin mai riƙe da gida, rangwamensa dala 21,900. Akwai zaɓi na uku, a shigar da matar cikin tsarin a cike tare. Rangwamen ya fi yawa, dala 29,200, amma daga ranar duk abin da matar ta samu, ko ribar shagonta na atamfa ce, ya shiga ƙarƙashin harajin Amurka. Ba shawara ba ce da za a yanke don ribar shekara ɗaya. A wannan lamari matsayin mai riƙe da gida ya fi dacewa.

Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ta farko ita ce keɓe kuɗin aikin waje da fom 2555. Doka ta yarda a cire abin da mutum ya samu da guminsa a ƙasar waje har zuwa wata iyaka: dala 112,000 a 2022, dala 120,000 a 2023, dala 126,500 a 2024. Sharaɗin shi ne mazaunin aikinsa ya kasance a waje, sannan ko dai ya zama mazaunin wata ƙasa na haƙiƙa na cikakkiyar shekarar haraji, ko ya yi cikakkun kwanaki 330 a ƙasashen waje cikin wata 12 a jere. Mutuminmu ya cika na farkon ba tantama: gidansa, iyalinsa, aikinsa, harajinsa duk a Abuja suke. Dala 44,000 na albashi da aikin gefe sun fita gaba ɗaya. Kuɗin haya ba gumi ba ne, ba ya shiga keɓewar, amma dala 2,000 rangwamen bai-ɗaya ya shanye su. Harajin kuɗin shiga ya zama sifili. Abin lura ɗaya: asalin kuɗin aiki shi ne wurin da aka yi aikin, ba wurin da aka biya ba. In ya je ziyara Amurka ya yi mako uku yana aiki daga can, kuɗin waɗannan makonni na Amurka ne, ba a keɓe su.

A nan yawanci mutane ke rufe littafi su yi hamdala, kuma a nan kuskuren yake. Keɓewar ta shafi harajin kuɗin shiga ne kawai. Akwai wani haraji dabam a kan mai aikin kansa, na asusun fansho da lafiyar tsofaffi, kashi 15.3 cikin ɗari, wato 12.4 da 2.9. Ana ɗaukar kashi 92.35 na ribar a ɗora masa. Dala 20,000 ta koma 18,470, harajinta dala 2,826. Keɓewa ba ta taɓa shi, harajin da aka biya Najeriya ma ba ya rage shi. Abin da ke ɗauke shi kawai yarjejeniyar tsarin fansho ce tsakanin ƙasashe, irin wadda Amurka ke da ita da Birtaniya da Jamus da Kanada, kuma ba ta da ita da Najeriya. Albashinsa na kamfanin Najeriya wannan haraji bai hau kansa ba. Aikin gefen nan da yake ɗauka ƙaramin abu, shi ne ainihin inda bashin yake.

Hanya ta biyu ita ce a bar kuɗin duka a cikin lissafi, a fitar da harajin Amurka, sannan a rage abin da aka riga aka biya Najeriya, da fom 1116. Daga dala 46,000 a cire rabin harajin mai aikin kansa, 1,413, a cire rangwamen 21,900, saura 22,687. Dala 16,550 na farko kashi 10 ne, sauran kashi 12, harajin ya kama kusan dala 2,390. Ya riga ya biya Najeriya 4,000. Ragin ana yin sa rukuni-rukuni ne, harajin albashi ba ya biyan na kuɗin haya, don haka kimanin dala 100 na ɓangaren haya za su rage. Rarar da ba a yi amfani da ita ba, wajen dala 1,700, ba ta ɓata: ana iya mayar da ita shekara ɗaya baya ko a tura ta gaba har shekara 10.

Kallon farko hanyoyin biyu kamar wuri ɗaya suka kai. Bambancin yana wajen yara. A 2024 ana ba da rangwamen dala 2,000 kan kowane yaro ɗan ƙasa da bai kai shekara 17 ba mai lambar SSN, kuma har dala 1,700 daga ciki ana ba mutum ko da harajin kuɗin shigarsa ya riga ya zama sifili. Wanda ya cike fom 2555 ba shi da haƙƙin wannan ɓangare. Wanda ya bi hanyar fom 1116 yana da shi. Don haka rangwamen babbar 'yarsa ya share dala 100 ɗin nan, sannan 1,700 ta sauka a kan 2,826. Abin da zai biya ya koma wajen dala 1,130, maimakon 2,826. A shekara uku, bambancin ya kusa dala 5,000, domin ɓangaren da ake bayarwa dala 1,500 ne a 2022, 1,600 a 2023.

Ƙaramin yaron bai kawo komai ba, kuma wannan sakaci ne mai tsada. Uban ya cika sharaɗin gadar da zama ɗan ƙasa, wato zaman shekara 5 a Amurka kafin haihuwar yaron, 2 daga ciki bayan ya wuce shekara 14. Amma ba a je ofishin jakadanci an yi masa takardar shaidar haihuwar ɗan ƙasa a waje ba, balle lambar SSN. Doka ta ce sai an fitar da lambar kafin ranar ƙarshe ta miƙa takardar shekarar, don haka shekarun baya sun wuce ke nan. Da yana da ita, rangwamen yara biyu, dala 3,400, da ya haura harajin gaba ɗaya har IRS ta biyo shi da canji. Takardar haihuwar ana neman ta ne kafin yaro ya cika 18, a Abuja ko Legas.

Wannan ba ya nufin hanya ta biyu ta fi a ko'ina. Da a Riyad ko Dubai yake aiki, inda ba a cire haraji daga albashi, babu abin da zai rage, keɓewar ce kaɗai garkuwarsa. Kuma a yi hattara da sauye-sauye: wanda ya zaɓi keɓewa sannan ya janye ba zai koma mata ba sai bayan shekara 5, in ba da izinin IRS ba. Tunda mutuminmu bai taɓa zaɓarta ba, farawa da fom 1116 bai rufe masa wata ƙofa ba.

Akwai kuma haƙƙin Najeriya da lissafin nan ya tono. Aikin ba da shawarar a Abuja aka yi shi, don haka Najeriya ce ke da haƙƙin farko a kansa, haka ma kuɗin hayar Kano, kuma harajin da kamfani ke cirewa daga albashi bai rufe su ba. Ya kamata ya bayyana su a takardarsa ta shekara ga hukumar harajin Babban Birnin Tarayya kafin ƙarshen Maris. Abin da ya biya a kai zai ƙaru cikin ragin fom 1116. Daga Janairun 2026 sabuwar dokar harajin Najeriya ta 2025 ta canza matakan: naira 800,000 na farko babu haraji, mataki mafi girma kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Kwatanta hanyoyin biyu aiki ne da za a riƙa sabuntawa duk shekara.

Takardun da ba haraji a cikinsu

Dala dubu ɗaya da 'yan kai a shekara ba za ta karya injiniya ba. Abin da ke karya mutane shi ne takardun bayani, waɗanda ba a biyan ko kwabo wajen cike su amma tarar rashinsu ta fi harajin nesa ba kusa ba.

Na farko shi ne rahoton asusun waje, FBAR, fom 114 na FinCEN, hukumar Amurka mai yaƙi da laifukan kuɗi, wanda ake cikewa ta intanet dabam da takardar haraji. Yana wajaba idan jimillar asusun mutum na wajen Amurka ta haura dala 10,000 a kowane lokaci cikin shekara, ko da na yini ɗaya ne. Mutuminmu ya rantse bai taɓa tara dala 10,000 ba, kuma a ma'anar da yake nufi gaskiya ya faɗa. Amma ba haka ake ƙirgawa ba. Ana ɗaukar adadi mafi yawa da kowane asusu ya taɓa kaiwa a shekarar, a haɗa su. Asusun dalarsa ya kai 7,500 ranar da aka biya shi wani aiki. Asusun albashi ya taɓa kai naira miliyan 3, wato dala 2,000. Asusun ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wanda ko sisi ba nasa ba ne amma sa hannunsa ke fitar da kuɗi daga ciki, ya kai naira miliyan 2.5 lokacin tara kuɗin gyaran azuzuwa, wajen dala 1,670. Jimilla ta wuce 11,000 tun ba a zo kan asusun kamfaninsu da na fansho ba. Da zarar an haura iyakar, kowane asusu sai an lissafa shi, har tsohon asusun ajiyar da ya buɗe a Kano yana ɗalibi. Asusun haɗin gwiwa da mata ana rubuta cikakken abin da ke ciki, ba rabi ba. Canjin da ake amfani da shi a nan na Baitulmalin Amurka ne na ranar ƙarshe ta shekara.

Tarar rashin cikewa ba da gangan ba tana iya kai dala 10,000, kuma ana ɗaga adadin bisa hauhawar farashi. Ta ganganci kuwa dala 100,000 ce ko rabin abin da ke asusun, duk wanda ya fi yawa. Shari'ar Alexandru Bittner ta nuna girman abin. Ɗan Romaniya ne da ya zama ɗan Amurka, ya koma ƙasarsa bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci ya kafa kasuwanci, bai san da wannan rahoto ba. Gwamnati ta ci shi tarar dala miliyan 2.72 kan asusu 272 na shekaru biyar. A Fabrairun 2023 kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce tarar rashin ganganci kan kowane rahoton shekara take, ba kan kowane asusu ba, abin ya dawo dala 50,000. Sauƙi ne babba, amma dala 50,000 a kan takardar da ake cikewa cikin awa ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

Na biyu, kuma mafi haɗari a lamarin nan, kamfanin da suka yi da ƙaninsa. Ɗan Amurkan da ya mallaki fiye da rabin kamfanin waje dole ya haɗa fom 5471 da takardarsa kowace shekara, da cikakken lissafin kamfanin a tsarin da IRS ke so. Tarar rashinsa dala 10,000 ce kan kowane fom a kowace shekara, ko kamfanin bai ci ribar sisi ba. Ƙari a kan haka, muddin ba a miƙa shi ba, wa'adin shekara 3 da IRS ke da shi na binciken takardar shekarar ba ya fara ƙirguwa. In kamfanin yana cin riba, dokar Amurka tana iya ɗora masa haraji kan kasonsa ko da ba a raba ribar ba. Mutane na yin rajistar kamfani da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin kwanaki kaɗan don neman kwangila, su manta da shi. Ga mai fasfon Amurka, wannan takardar shaida da ke rataye a bango nauyi ce ta shekara-shekara, kuma fom ɗin ba na cikewa da kai ba ne, sai akawun da ya saba da shi.

Sauran biyun ba su kama shi ba. Fom 8938 yana farawa ne ga mazaunin waje mai cikewa shi kaɗai idan kadarorinsa na kuɗi sun haura dala 200,000 a ƙarshen shekara ko 300,000 a tsakiyarta, kuma gida ko fili da mutum ya mallaka da sunansa ba ya ciki. Fom 3520 kuwa na kyauta ne ko gado daga baƙo da ya haura dala 100,000 a shekara. Ba a biyan haraji a kan gadon, amma tarar rashin sanarwa kashi 5 ce duk wata har zuwa kashi 25 na darajarsa. Kasonsa na gidan mahaifinsu bai kai ba. Duk da haka yana da kyau a sa mai kimanta gidaje ya rubuta darajar gidan ta ranar rasuwar, domin daga ita za a auna riba ranar da aka sayar.

Batun sayarwa yana da wani abu da faɗuwar naira ta kawo. Amurka da dala take lissafi, kowane ɓangare da canjin ranarsa. Filin da aka saya naira miliyan 20 lokacin dala tana wajen 400 ya ci dala 50,000. In aka sayar da shi miliyan 60 a canjin 1,500, dala 40,000 aka samu. A unguwa an ninka kuɗi uku, a takardar Amurka an yi asara. Don haka takardar sayen da ranar biyan kuɗin abin adanawa ne. Ga shekarun da canjin gwamnati da na kasuwa suka yi hannun riga, kafin Babban Banki ya haɗe su a Yunin 2023, IRS ba ta da canji nata na tilas, tana karɓar duk wanda aka wallafa in an yi amfani da shi bai-ɗaya kuma ya dace da yadda kuɗin suka zo wa mutum. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ɗauki wannan canji ga kuɗin shiga, wancan ga harajin da aka biya.

Yadda aka gyara

Wanda ya gane kuskurensa yakan so ya aika takardun baya a ɓoye, ko ya fara daga bana ya yi shiru da sauran. Duka biyun suna barin tarar a buɗe. Hanyar da ta dace ita ce tsarin sassauci da IRS ta buɗe a 2012 ta faɗaɗa a 2014 don mazauna waje. Sharuɗɗansa: rashin cikewar ba da gangan ba ne, IRS ba ta riga ta fara binciken mutum ba, kuma a ɗaya daga shekaru ukun baya ba shi da mazauni a Amurka sannan ya yi cikakkun kwanaki 330 a wajenta.

Ana cike takardun shekaru uku na baya da wa'adinsu ya wuce, a nan 2022 da 2023 da 2024, kowace da fom 1116 da 5471 da jadawalin aikin kai da na haya. A saman shafin farko na kowace ana rubuta "Streamlined Foreign Offshore" da jan alƙalami, a haɗa da cikakken harajin da kuɗin ruwansa, a aika a takarda zuwa ofishin IRS na Austin a jihar Texas. Rahotannin FBAR na shekaru shida, 2019 zuwa 2024, duk shekarar da aka haura iyaka, ana shigar da su ta intanet tare da bayyana cewa ƙarƙashin wannan tsari ne. In an yi daidai, babu tarar jinkiri, babu ta FBAR, babu ta fom 5471.

Zuciyar aikin ita ce fom 14653, inda mutum ke bayyana da bakinsa, ƙarƙashin rantsuwa, dalilin da ya sa bai cike ba. Jimla ɗaya ta "ban sani ba" ba ta isa. Ana son labarin yadda yake: yaushe ya koma, wa ke cike masa takarda a da, me aka gaya masa ko ba a gaya masa ba, daga ina kuɗin kowane asusu suka fito, yaushe ya gane, me ya yi daga ranar. Abin da bai yi masa daɗi ba ma sai ya faɗa. A takardar haraji akwai tambaya a jadawalin B ko mutum yana da asusu a waje. In a shekarun da yake Amurka ya taɓa amsawa da "a'a" alhali asusunsa na Kano na nan, sai ya nemi lauyan haraji kafin ya sa hannu a kan komai.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tattara takardu: bayanan asusu na shekara shida daga kowane banki, takardun albashi, takardar shaidar biyan haraji daga hukumar harajin Abuja, lissafin kamfani, da hatiman shiga da fita na fasfo. Bankuna sukan ɗauki makonni kafin su fitar da tsofaffin bayanai, musamman na asusun da ya daɗe ba a taɓa shi ba, don haka da su ake farawa. Sai a duba jihar da ya baro. Texas da Florida ba su da harajin kuɗin shiga, amma irin su Kalifoniya da Bajiniya suna iya ci gaba da ɗaukar mutum mazauninsu in ya bar lasisin tuƙi da adireshi a can, kuma tsarin sassaucin na gwamnatin tarayya ne kawai.

Wani abu ya riga ya kuɓuce masa: tallafin annobar korona na dala 1,400 kan kowane mutum na 2021, wanda mazauna waje ma suka cancanta, wa'adin nemansa ya rufe ranar 15 ga Afrilun 2025.

Ya yi tunanin ajiye fasfon ya huta. Ana iya yi, a gaban jami'in ofishin jakadanci, kuma zama ɗan Najeriya na haihuwa ba ya taɓuwa. Amma ajiyewar ba ta goge bashin baya, kuma a fom 8854 sai mutum ya tabbatar da cewa ya cika ƙa'idojin haraji na shekara 5, in ba haka ba dokar harajin fita, wato harajin da ake ɗora wa mai ajiye zama ɗan ƙasa, ta hau kansa ko dukiyarsa ba ta kai dala miliyan 2 ba. Yin biris ma ba mafita ba ce, domin tun dokar 2015 ana iya hana sabunta fasfo ko soke shi kan bashin harajin da ya haura dala 50,000, adadin da ake ɗagawa duk shekara.

Daga yanzu, duk shekarar da yake sa ran za a bi shi dala 1,000 ko fiye, sai ya riƙa biya sau huɗu da fom 1040-ES: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairu. Harajin mai aikin kansa da yake biya ana rubuta shi a tarihin fanshonsa na Amurka, inda ake buƙatar maki 40 kafin a cancanci fanshon, huɗu a shekara, kuma a 2024 kowane maki dala 1,730 ne na kuɗin aiki. Shekarunsa 14 na can mai yiwuwa sun riga sun cika makin, abin da yake biya yanzu yana iya ƙara adadin da zai karɓa. Ya sauka daga ma'ajin ƙungiya ko ya ci gaba yana sa asusun a rahotonsa, ya zauna da ƙaninsa da akawu kan ko kamfanin ya cancanci kuɗin fom 5471 na kowace shekara, sannan ya nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci don takardar ƙaramin yaron kafin wa'adin takardar 2025 ya cika.